Manya Sun Haƙa Rami, Mu Muka Sha Ƙura

A gefen wata hanyar mota a yankin Essex, arewa maso gabas da Landan, akwai allo mai ruwan ƙasa da kibiya a jikinsa. Abin da aka rubuta a kai shi ne: ta nan ake zuwa maɓoyar nukiliya ta sirri. Wurin da gwamnatin Birtaniya ta yi shekara 40 tana rufa-rufa a kansa, yau ga shi ana nuna wa baƙo kwanarsa, har da filin ajiye mota da wurin shan shayi.

Sunan ƙauyen Kelvedon Hatch. In ka bi kibiyar, ka ratsa gonaki da wani ɗan kurmi, abin da za ka tarar ba zai burge ka ba. Ɗan gida ne na bulo, irin wanda za ka ce na malamin gona ne, kuma da gangan aka gina shi haka. Bayan ƙofarsa akwai dogon lungu, wajen mita 100, miƙe sambal ba kwana. Wanda ya tsaya a ƙarshensa da bindiga yana hango mai shigowa tun daga nesa. Daga nan sai ƙyauren ƙarfe, kowanne ya haura tan ɗaya. Bayansu ne ainihin ginin yake: hawa 3 a cikin tudu, zurfinsa ƙafa 125, wato wajen gaba 20 da mai haƙar rijiya a garin Giade na Jihar Bauchi ne zai auna. Bangon kankare ne da rodi, kaurinsa ƙafa 10.

An gina shi a 1952 zuwa 1953 domin sojan sama su riƙa sa ido kan jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet. Daga baya aka mai da shi mazaunin gwamnatin gaggawa: idan aka jefa wa Landan makamin ƙare-dangi, a nan wasu mutum 600, sojoji da manyan ma'aikata, za su kulle kansu su ci gaba da mulkin waɗanda suka yi saura. Komai an tanada. Ga ruwa, ga janareto, ga injinan tace iska, ga ɗakin kwana mai gadajen ƙarfe ɗaya bisa ɗaya, ga ɗan asibiti da teburin tiyata. Akwai ɗakin watsa labarai na BBC, inda za a yi wa ƙasa jawabi. Yanzu mutum-mutumi ne zaune a kujerun, sanye da kayan wancan zamani, ga tarho da na'urorin buga waya jere a gabansu, duk ƙura ta hau.

Ɗakin da ya kamata baƙo daga ƙasarmu ya daɗe a ciki shi ne na taswira. Nan masana kimiyya za su zauna, rahoto yana zuwa musu daga ƙananan ramukan sa-ido da aka warwatsa a faɗin ƙasar. Aikinsu su sa alama a inda bam ya faɗi, su auna ƙarfinsa, sannan su duba inda iska ta dosa. Dalili shi ne, bam irin wannan kisa biyu yake yi. Na farko nan take, da wuta da rugugi. Na biyu a hankali: ƙasa da tokar da ya tsotsa sama sukan gauraya da gubar nukiliya, iska ta ɗauke su, ta je ta zubar a kan mutanen da ko ƙarar ba su ji ba. Ba a ganin wannan guba, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana sauka a ciyawa, saniya ta ci, ta fito a nono.

A wani lungu kuma ana nuna finafinan da gwamnati ta shirya wa talakawa, tare da ɗan littafin da ta fitar a 1980. Shawarar da ke ciki: mutum ya shafa wa tagoginsa farin fenti, ya ciro ƙyaure ya jingina da bango, ya tara buhunan ƙasa da akwatuna a kai, ya shige ƙarƙashi da iyalinsa na tsawon mako 2. In wani ya mutu a ciki, a naɗe shi a maƙala masa takarda mai sunansa. Kankare mai ƙafa 10 ga mutum 600, ƙyauren katako ga miliyoyi.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, sai ramin ya zama kaya. A 1992 aka daina aiki da shi, iyalin manomin da aka karɓe wa filin tun farko suka sake saye, suka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.

Ba Ingila kaɗai ba. A Kanada, a garin Carp kusa da Ottawa, akwai wanda aka gina tsakanin 1959 da 1961, hawa 4, don mutum 535 su yi kwana 30. A can ƙasa an yi wa zinariyar babban bankin ƙasar ɗaki na musamman, amma ba a yi wa matar kowa gado ba, har ta firayim minista. An rufe shi a 1994, ya zama gidan tarihi a 1998. A Amurka, ƙarƙashin otel ɗin Greenbrier aka haƙa wa 'yan majalisar dokoki nasu, aka yi shekara 30 ba wanda ya sani, sai a 1992 jaridar Washington Post ta tona. Jamus ta Yamma ta yi nata a kwarin Ahr, tsawon lungunansa kilomita 17, don mutum 3,000; yau mita 200 da 'yan kai kawai aka bari a gani. A Mosko akwai mai zurfin mita 65 a unguwar Taganka. Suwizalan na cikin 'yan tsirarun da suka fita zakka, don tun 1963 dokarta ta ce kowane mazaunin ƙasar sai an tanadar masa gurbi a maɓoya.

Ganuwa da rami

Mutumin ƙasar Katagum ba baƙon ginin tsaro ba ne. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu, shi ya kafa garin Katagum a bakin iyaka da Borno, kuma an gina garin da sanin cewa yaƙi na iya zuwa kowace rana. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso a watan Janairun 1824, ya ce tun barinsa Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro irinsa ba: ganuwa biyu, gwalalo uku, ƙofofi huɗu. Abokin tafiyarsa, Dokta Oudney, a Murmur ya rasu, nan kusa, a cikin wannan wata. Sai a 1916, bayan zuwan Turawa, aka mai da hedikwatar masarautar Azare.

Abin lura game da ganuwa shi ne wanda take karewa. In aka buga gangar yaƙi, mutanen ƙauye sukan kwaso yara da awaki da damman hatsi su shigo, a rufe ƙofa. Sarki na ciki, maƙeri na ciki, bawa na ciki. Ganuwar Kano har gonaki da kududdufai ta kewaye, don in an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da na sha. Talaka ne ya kwaɓa ƙasar, aikin dole ne kuma sau da yawa, amma ran tsiya yana da gurbi a bayanta. Ramin nukiliya kuwa da harajin kowa aka haƙa shi, aka ɓoye wa masu biyan harajin, aka kuma rubuta sunayen masu shiga tun kafin a yi yaƙin. A ganina wannan shi ne babban abin da waɗannan gidajen tarihi ke koyarwa, ko da masu su ba su yi niyya ba.

To, me ya haɗa manomin Giade da wannan duka? Ba wanda ya taɓa auna garinsa da makami mai linzami. Amsar ita ce, yaƙin da aka haƙa ramukan dominsa bai zo Turai ba. Bam ɗin da ya fashe, a bayan gidanmu ya fashe.

Asabar, tsakiyar Sha'aban

Ranar Asabar 13 ga Fabrairun 1960, daidai da tsakiyar watan Sha'aban na 1379, jim kaɗan bayan ƙarfe 7 na safe, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane, a hamadar Aljeriya. An ɗora shi a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, aka sa masa suna Gerboise Bleue. Ƙarfinsa ya kai na tan 70,000 na nakiya, ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, wanda ya kashe wajen mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar. Da wannan Faransa ta zama ta huɗu a jerin masu makamin, bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya. Shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya aika saƙon murna, yana cewa ƙasarsa ta ƙara ƙarfi da alfahari.

A wannan safiya Giade na ƙarƙashin En'e ta Katagum a Lardin Bauchi, zamanin Sarki Umaru Faruƙu, saura wata 7 da 'yan kwanaki a ba Najeriya mulkin kai. An gama kaka, gero da dawa na rumbu, an kai gyaɗa sikeli. Lokacin hunturu ne, lokacin da hazo kan rufe rana, leɓe ya tsage, ƙura ta kwanta a kan tabarma da bakin randa. Tsakanin Giade da Reggane akwai tazarar kilomita wajen 2,000. Da nisa, amma hamada ba ta da bango.

Hujjar Faransa ita ce Sahara fanko ce, ba kowa. Ƙarya ce da duk wanda kakansa ya taɓa fatauci ya sani. Akwai dubban mutane a dausayin Tuwat da ke kewayen Reggane, kuma Tuwat na kan tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa arewacin Afirka da ƙasar Hausa. Shehi Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, a can ya zauna, a can kabarinsa yake.

Shekaru da dama hukumomin Faransa na cewa gubar ba ta yi nisa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Fabrairun 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar soja da aka cire wa hatimin sirri. Ta nuna gajimaren ya gangara kudu, ya kai Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, ya taɓa Bangi, ya juya yamma ya isa Bamako bayan kwana 4, sannan cikin mako 2 ya kai gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Mai karatu ya ɗauko taswira ya ja layi daga Njamena zuwa Bamako. Zai ga layin ya bi ta Borno, ya wuce arewa da Azare, ya ratsa ƙasar Kano.

A nan sai an yi adalci. Wucewar gajimare daban, yawan gubar da ta sauka daban, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa Reggane alhakin kowace cuta da ta kama wani a Arewa. Mafi yawan ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. Ko da masana suka auna ƙurar Sahara da ta rufe Turai a watan Maris na 2022, sun sami burbushin nukiliya ɗan kaɗan, ƙasa da abin da zai cutar, kuma alamarsa ta fi kama da ta gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet. Waɗanda suka sha wuya ta haƙiƙa su ne mutanen Tuwat, da Buzayen Ahaggar, da leburori, da ƙananan sojojin Faransa da aka tura filin ba kayan kariya na kirki. Laifin da aka yi mana shi ne an yi caca da ranmu ba a tambaye mu ba. Masu taswirar iska sun san inda ta dosa, suka sa takardar a durowa shekara 50 da ɗoriya.

Bam 4 aka tayar a sarari a Reggane: na Fabrairu, na 1 ga Afrilu, na 27 ga Disambar 1960, da na 25 ga Afrilun 1961. Daga nan aka koma cikin dutse a In Ekker, aka yi 13 zuwa 1966, har bayan Aljeriya ta sami 'yanci a 1962. A ranar 1 ga Mayun 1962 dutsen ya kasa riƙe ɗaya daga ciki, baƙin hayaƙi ya yi tsartuwa waje ya rufe 'yan kallo, cikinsu har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Da Faransa za ta tashi, sai ta binne motoci da ƙarafan da suka gurɓata a cikin rairayi. Har yau Aljeriya na neman a ba ta cikakkiyar taswirar inda aka binne su. A 2010 aka yi dokar biyan diyya, amma 'yan Aljeriyar da suka samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba a shekaru 10 na farko.

Awa 48

Afirka ba ta yi shiru ba. A watan Nuwambar 1959 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi Faransa ta janye, ta yi kunnen uwar shegu. A Disamba wata tawaga ta tashi daga Akara da nufin shiga filin gwajin da ƙafarta, cikinta akwai Rabaran Michael Scott, da Bayard Rustin, baƙar fatar Amurka, da Ntsu Mokhehle wanda daga baya ya shugabanci gwamnatin Lesoto. Jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, suka mai da su Gana. Da bam na farko ya tashi, jagoran Gana Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarsa.

Amma wanda ya kai maganar ƙarshenta ɗan Bauchi ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma malamin Midil ta Bauchi, an san shi da sanyin hali, har 'yan adawa na yi masa gorin cewa ya cika biyayya ga Turawa. Shi ne kuma marubucin Shaihu Umar, labarin yaron da aka ƙetara da shi Sahara, don haka ba a gaya masa ko akwai mutane a hamada. A lokacin shi ke riƙe da harkokin waje da kansa, ban da firayim minista. Bam na uku ya tashi ranar 27 ga Disambar 1960, a tsakiyar hunturu. Ranar 5 ga Janairun 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa, ta ba jakadanta Raymond Offroy awa 48 ya tattara ya bar Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa amfani da tashoshin Najeriya. Ƙasar na da wata 3 kacal da samun 'yanci.

Matakin bai zo a ɓagas ba. Kayan Nijar da Chadi da yawa ta tashoshin Najeriya suke bi, don haka maƙwabta ne suka fara jin jiki, kuma bayan 'yan watanni dole aka ɗage takunkumin jiragen. Sauran ƙasashen Afirka ba su bi sahu ba. Faransa ma ba ta fasa ba, ta tayar da na huɗu a Afrilu. Hulɗar jakadanci kuwa sai da aka shekara kusan 5 kafin a gyara. Wanda zai ce matakin bai hana komai ba yana da gaskiyarsa. Sai dai bayan na Afrilu Faransa ba ta sake tayar da bam a sararin Sahara ba, kuma hayaniyar Afirka na cikin abin da ya tura ta cikin dutse.

Maganar ba ta bar zuciyar Ɓalewa ba. Ranar 23 ga Agustan 1963 ya yi magana da Shugaba Kennedy na Amurka ta tarho, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam. Cikin 'yan mintocin nan sun taɓo nasarar ɗan damben Najeriya Dick Tiger, sun kuma taɓo yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sarari da a ruwa, wadda aka sa wa hannu a Mosko a farkon watan. Faransa da Sin sun ƙi sa hannu.

De Gaulle ba mai mantuwa ba ne. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, Faransa ta karkata ga Biyafara, makamai suka riƙa shiga ta Gabon da Kwaddebuwa. Masana tarihi na kawo dalilai da dama, har da man fetur da tsoron girman Najeriya a tsakiyar ƙasashe rainon Faransa, amma kusan duk sukan ambaci cin fuskar 1961. Shi kansa Offroy, da ya koma gida ya zama ɗan majalisa, yana sahun gaba na masu goyon bayan Biyafara a Faris.

Wannan yaƙi ne ya bar wa Najeriya ramin da ya fi kama da na Essex. Bayan Inugu ta faɗi a Oktoban 1967, jagoran Biyafara Ojukwu ya mai da hedikwatarsa Umuahiya, inda injiniyoyinsa suka haƙa masa maɓoya a 1968, mai zurfin ƙafa kusan 27, cikin wata 3, don tsira daga jiragen yaƙin tarayya. Garin ya faɗi a Afrilun 1969. Yau maɓoyar na hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, tare da Gidan Tarihin Yaƙi da aka buɗe a 1985, inda ake ganin motocin sulke da bama-baman da aka ƙera a gida. Ba ta nukiliya ba ce, amma tsarin ɗaya ne: shugaba da muƙarrabansa a ƙasa, kasuwa da masu talla a sama.

Ramin da ya fi kowanne girma

In girman rami ake magana, na Nijar ya shafe duk waɗanda aka lissafa. A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka gano yuraniyam a Azelik. A 1971 kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit, a 1978 COMINAK ya fara a Akokan, a zurfin mita 250, da lunguna da tsawonsu ya haura kilomita 200. Mutanen da suka shiga waɗannan lunguna ba ɓuya suka je yi ba, aiki suka je. Buzaye ne da Zabarmawa da Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna fito da abin da ya kunna fitilun Faransa shekara da shekaru. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021, aka bar tulin dusar ma'adini mai guba, tan miliyan 20, a bakin gari. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin wurin, ta yi fim a 2016 kan ƙurar Arlit da abin da take yi wa mutane. A watan Yunin 2025 gwamnatin sojan Nijar ta ƙwace SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa.

A Zariya kuwa labarin mai daɗi ne, shi ya sa ba a cika jin sa ba. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, tana aiki tun 2004, ana gwajin ƙasar noma da ma'adinai da ita, ana horar da ɗalibai. Da farko da yuraniyam mai ƙarfi take aiki, irin wanda in ya faɗa mugun hannu zai iya shiga bam. A 2018 aka sauya mata mai rauni, aka mai da tsohon ƙasar Sin. Afirka ta Kudu ta ƙera bam 6 a zamanin wariyar launin fata, ta kwance su da hannunta. Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin a nahiyar baki ɗaya. Ranar 6 ga Agustan 2020, shekara 75 cif da Hiroshima, Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar haramta shi a duniya. Duk wannan hanya ce da aka share tun Janairun 1961.

Abin da ya rage a Bauchi

Daga Giade zuwa garin Bauchi tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. A can kabarin Ɓalewa yake, wanda sojoji suka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An kammala ginin da ya kewaye kabarin a 1979, kuma shiga cikinsa na da kama da shiga waɗancan ramuka: dogon lungu ne mai duhu tsakanin manyan bangaye na kankare, haske na ɗan leƙowa nan da can. Masu zanen sun ce duhun na nufin zamanin mulkin mallaka. Bambancin a ƙarshen lungun yake, don nan ba ƙyauren ƙarfe za ka tarar ba, fili ne ba rufi, sama a buɗe, ga kabari ba ado. A gefe akwai ɗan gidan tarihi da aka ajiye kayansa, irin su rediyo da agogo da hotuna.

Turawa sun mai da tsoronsu kuɗin shiga. Yaran makaranta na sauka cikin ramukansu su taɓa tarho, su ga gadon firayim minista, su fito da sanin cewa kakanninsu sun kusa hallaka duniya. Yaron Giade ko Azare ko Misau zai iya gama sakandare bai taɓa jin sunan Reggane ba, bai san gajimaren ya bi ta sararin ƙasarsa ba, bai san ɗan jiharsa ne ya kori jakadan babbar ƙasa a kan haka ba. Ana koya masa ranar da aka kashe Ɓalewa, ba a koya masa ranar da ya ce a'a.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin Jihar Bauchi za su iya ware ɗaki ɗaya a harabar kabarin. A rataya taswirar da aka fallasa a 2014, da girma, a sa garuruwanmu a kai. A nemo sanarwar gwamnati ta 5 ga Janairun 1961, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo na watannin nan daga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da muryar hirarsa da Kennedy, wadda ke ajiye a ɗakin karatun Kennedy a Boston. A rubuta bayanin da Hausa da Fulatanci, ba Turanci kaɗai ba.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1960 yau ya kai 80. Waɗannan dattawa na nan a Giade da Shira da Gamawa da Itas, a ƙofar gida da bakin masallaci, kuma cikinsu akwai waɗanda suka saurari akwatin rediyon En'e, suka ji abin da aka faɗa da abin da aka yi ta raɗe-raɗi a kasuwa a wancan hunturu. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau da na kwalejin ilimi ta Azare suna da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Malamai, ku tura su lokacin hutu, kafin a rasa wanda za a tambaya.